Faɗuwar Lamba Tara

Hoto ɗaya tak ke rataye a bangon falon tsohon direban, kuma ba na matarsa ba ne, ba na 'ya'yansa ba ne. Hoton wani saurayi ne a cikin iska, ƙafafu sama, baki buɗe, lamba tara a jikin wandonsa. A bayansa wani ƙaton mai tsaron baya ya ɗaga hannaye biyu yana rantsuwa. Shekara goma sha tara ke nan hoton yana wurin. Sau uku aka sake wa ɗakin fenti, kuma kowane karo sai dai mai fenti ya zagaye shi.

Duk baƙon da ya shigo sai ya ji labarin kafin a ba shi ruwa. Wasan ƙarshe ne na cin kofi, saura minti biyu a tashi, babu wanda ya ci wani. Lamba Tara ya shiga da ƙwallo, ƙaton nan ya sare shi kamar itace. Alƙalin wasa ya ba da jan kati, ya ba da fenareti.

"Yaron nan ya miƙe da ƙafa ɗaya ya buga," in ji tsohon. "Da ƙafa ɗaya! Ina wurin."

Da shekara ta zagayo, yaron ya zo neman 'yarsa. Tsohon bai tambaye shi komai ba sai yaya ƙafar.

Gaskiyar magana kuwa, babu wanda ya taɓa shi. Mutum uku ne suka san haka: shi kansa, da matarsa da ya gaya wa a shekarar farko ta aurensu, da kuma mai tsaron bayan, wanda ya yi ta faɗa har ya gaji babu mai saurare. Mutane ba sa ƙin ƙarya idan ta zo musu da kofi.

Gwiwar ta lalace da gaske bayan shekara shida, a wajen atisaye, ba ɗan kallo ko ɗaya, ba mai ɗaukar hoto. Ya rataye takalma yana da shekara talatin, ya koma aji ya zauna da yaran da suka taso suna liƙa hotonsa a bangon ɗakinsu. Da aka tambaye shi dalilin da ya sa ya zaɓi aikin lauya, sai ya ce shekara goma sha biyu yana gardama da alƙalan wasa, ba wanda ya taɓa barinsa ya kai ƙarshen magana. Yana son inda doka ta tilasta wa alƙali ya saurara. Ya gama karatun da ƙyar, amma ya gama. Ya buɗe ofis mai ɗaki ɗaya a saman wani shagon ɗinki. Wasu halaye dai ba su sake shi ba. In lauyan ɗaya ɓangaren ya fara magana, sai hannunsa ya ɗaga kansa sama kamar yana nuna satar gida. Sunan ma bai sake shi ba. Har masinjan kotu Tara yake kiransa.

Sai ga shari'ar surukinsa.

Shekara talatin da huɗu tsohon yana tuƙa bas ta cikin gari, ko kaza bai taɓa takawa ba. Wata safiya yana shiga tasha a hankali, wani mutum ya zube a gaban motar yana ihu. Aka kwashe shi zuwa asibiti, aka shigar da ƙarar tsohon kan tuƙin ganganci. Aka sa ranar shari'a saura mako uku ya yi ritaya. In aka same shi da laifi, za a ƙwace lasisinsa, kamfani kuma ya kore shi maimakon ya sallame shi da takardar yabon da ake ba direban da ya gama aiki ba haɗari. Tun bara tsohon ya sayi firam ɗin da zai sa ta.

Kyamarar wani kantin magani ce ta ɗauki abin da ya faru. Tara ya kalli faifan a ofis sau ɗaya, ya kalla sau biyu, a na uku sai ya tsayar da shi ya matso da kujera. Da tsakar rana matarsa ta hau benen ta tarar da shi ya zuba wa kwamfuta ido.

"Ka ga wani abu?"

"Na ga abokin sana'a."

"Lauya ne?"

"Tsohuwar sana'ar nake nufi. Zo ki gani." Ya mayar da faifan baya. "Baba bai taɓa shi ba. Kuma mutumin ya iya. Wallahi ya iya. Da ya samu mai koyarwa da ya yi nisa."

"To alhamdu lillahi. Sai ka gaya wa alƙali."

"Hoton ba ya nuna komai ga wanda bai san abin ba. Gaban motar ya rufe ƙafar daidai lokacin faɗuwar. Alƙali zai tambaye ni ta ina na sani."

"Sai ka gaya masa."

"Baba zai kasance a kotun fa."

"Shi ake tuhuma, ina kake so ya kasance?" Ta ajiye jakarta a kan takardunsa. "Ka ji ni da kyau. Shekara goma sha takwas ina zaune a falon nan ina jin labarin ƙafa ɗaya, ina gyaɗa kai har wuyana ya saba. Ban taɓa tona ka ba. Amma ubana ba zai bar aiki da sunan mai ganganci don hotonka ya ci gaba da zama a bango ba."

"Zan gwada wata hanyar tukuna."

"Gwada. Ina zaune a bayanka. In ka ji na yi gyaran murya, ka san me nake nufi."

Ranar shari'a kotun ta cika, don labari ya bazu cewa Lamba Tara zai kare surukinsa. Alƙalin wani dattijo ne siriri mai tabarau a ƙarshen hanci, wanda ma'aikatan kotun suka ce ba su taɓa ganin haƙoransa ba. Mutumin da ya faɗi ya shigo yana dogara sanda, wuyansa cikin wani farin abin ɗauri na asibiti. In zai dubi wani sai ya juya jikinsa gaba ɗaya kamar ƙofa. Kafin ya kai kujerarsa, 'yan kallo sun raɗa masa Mai Wuya.

Tara ya gwada wata hanyar. Ya tambayi Mai Wuya lokaci, ya tambaye shi nisan motar, ya tambaye shi kalar rigar direba. Mai Wuya ya amsa duka cikin muryar marar lafiya, yana tsayawa yana numfashi. Mai gabatar da ƙara, wani matashi mai sabuwar riga, ya miƙa takardar likita. Aka kunna faifan, kowa ya ga mota ta matso, mutum ya zube. Alƙali ya dubi agogo ya jawo alƙalaminsa. Tsohon direban yana tsaye a inda ake tsayar da wanda ake tuhuma, ya riƙe hularsa ta aiki da hannu biyu yana murza ta.

Daga baya aka ji gyaran murya.

Tara ya yi kamar bai ji ba. Aka sake yi, da ƙarfin da har magatakarda ya ɗaga kai.

"Ya mai shari'a," in ji Tara, "ina roƙon a sake kunna faifan, a hankali."

Aka kunna.

"A tsaya nan. A duba hannunsa. Motar ba ta iso ba tukuna, amma ya sa wayarsa a aljihu ya ja zif. Wanda za a buge bai san za a buge shi ba, ba ya adana kayansa. A ci gaba. A tsaya. A duba ƙafar baya. Ya bar ta tana jan ƙasa. Mai gudun mota ɗauke ƙafa yake yi. Wannan neman abin da zai taɓa ta yake yi. A ci gaba. Ya faɗi, ya birgima sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Ya mai shari'a, wanda ya ji ciwo da gaske ba ya birgima. Ciwo ba ya barin mutum ya yi ado. Kwanciya yake yi shiru a inda ya faɗi, ya ɗaga hannu ɗaya, shi ke nan. Na ƙarshe kuma, a duba fuskarsa bayan birgima ta uku. Ya buɗe ido ɗaya. Ba ƙafarsa yake dubawa ba, ba motar ba. Jami'in da ke ba da hannu a mahaɗar bakin tashar yake nema. Kullum sai an dubi mai usur."

Mai Wuya ya haɗiye yawu, abin wuyan ya motsa.

Mai gabatar da ƙara ya miƙe. "Ya mai shari'a, wannan duk tatsuniya ce. Abokin aikina lauya ne, ba shaida ba. Wace makaranta ce ta ba shi takardar ƙwarewa a kan faɗuwa?"

"Tambaya ce mai kyau," in ji alƙali. "Ta ina ka sani?"

Tara ya dubi surukinsa. Tsohon yana kallonsa da irin kallon da yake yi wa hoton bango.

"Na yi shekara goma sha biyu ina yi, ya mai shari'a. Mafi kyawun da na taɓa yi shi ne na wasan ƙarshe na cin kofi, shekara goma sha tara da suka wuce. Mai tsaron bayan nan bai taɓa ni ba. Tsakanin ƙafarsa da tawa an yi taƙi guda. Ni na jefar da kaina."

"Ƙarya ne!"

Kowa ya waiwaya. Tsohon direban ne, ya ɗaga hula sama, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Ƙarya yake yi, ranka ya daɗe! An sare shi! Ina wurin, da idona na gani!"

"Baba, don Allah..."

"Rufe mini baki! Kai me ka sani? Kana ƙasa a lokacin!"

Alƙali ya buga tebur. "Wanda ake tuhuma, ka san cewa lauyanka kake ƙaryatawa?"

"Na sani, ranka ya daɗe. A ɗaure ni in an ga dama, amma an sare shi."

Alƙali ya sa aka zaunar da shi. Sannan ya cire tabarau, ya ninke shi, ya ajiye. Ya daɗe yana duban Tara.

"Maimaita abin da ka ce. A hankali. Magatakarda, ka rubuta kalma da kalma."

Tara ya maimaita.

"Taƙi guda," in ji alƙali.

"Ko ma fiye, ya mai shari'a."

"Ina filin ranar," in ji alƙali. "Bayan raga nake, a ɓangaren waɗanda suka koma gida ba kofi. Awa shida na yi a mota na je, awa shida na dawo. Shekara goma sha tara ina gaya wa ƙanena ba a taɓa ka ba, yana kirana mai baƙin ciki a gaban 'ya'yana. Magatakarda, in an tashi ka buga mini kwafi biyu."

A nan ne ma'aikatan kotun suka fara ganin haƙoransa.

"Ya mai shari'a," in ji mai gabatar da ƙara, "wannan ba ya cikin tsari."

"An ji. Zauna." Ya mayar da tabarau. "Sai dai kotu ba ta aiki da maganar baki. Lauya ya ce ana iya faɗuwa haka ba tare da an taɓa mutum ba. Ya nuna mana."

"A nan, ya mai shari'a?"

"Ranar daga nesa na gani."

Aka janye teburin lauyoyi gefe. Aka tsayar da magatakarda a tsakiya a matsayin bas, ya miƙa hannaye gaba yana riƙe da sitiyarin da babu. Tara ya cire rigar lauya ya ba matarsa. Ya kamata a lokacin ya tuna abubuwa uku: shekarunsa arba'in da uku, akwai tumbin da babu shi a hoton bango, kuma ƙasan kotu ba ciyawa ba ce, tayil ne da aka goge da safe. Bai tuna ko ɗaya ba. Ya ga idanu a kansa, ya ji tsohon daɗin nan ya taso masa tun daga tafin ƙafa. Girman kai ba ya tsufa tare da gwiwa.

Ya ja da baya taku biyar. Ya taho. Ya bar ƙafar baya tana jan ƙasa yadda ya koyar, sai takalmin fata ya zame a kan tayil, ƙafar ta tafi inda ba a aike ta ba, duk nauyinsa ya sauka a kan tsohuwar gwiwar. Aka ji wani ɗan sauti kamar an karya busasshen kara.

Bai birgima ba. Ya kwanta shiru a inda ya faɗi, ya ɗaga hannu ɗaya.

Kotu ta ɓarke da tafi. Wani daga baya ya yi ihu, "Fenareti!" Magatakarda ya ɗaga hannaye biyu yana cewa shi dai bai taɓa shi ba. Har mai gabatar da ƙara ya tafa sau biyu kafin ya tuna ɓangaren da yake.

"Kotu ta gani," in ji alƙali. "Lauya zai iya tashi."

Lauya bai tashi ba.

"Ya isa haka," in ji matarsa ƙasa-ƙasa. "Tashi, kana ɓata wandon."

Ya buɗe baki, magana ta ƙi fitowa. Gumi ya keto masa. Minti biyar da suka wuce ya gama koya wa mutanen nan yadda ake gane mai ciwon gaske, sun saurara, sun gyaɗa kai, ga shi yanzu a gabansu kuma ba wanda ya gane. Mutum ɗaya ne kawai a ɗakin ya san aikin daga ciki.

Mai Wuya ya yi tsalle ya haye benci. Sanda ta faɗi can. Taku uku ya yi ya isa wurin, ya durƙusa, ya tallafe ƙafar da hannu biyu.

"Ku bar tafi, wannan ta gaske ce! Kada ka motsa, maigida, kada ka motsa. Ku kira motar asibiti!" Ya juya kai dama. "Kai, kawo wannan jakar a sa masa a ƙarƙashi!" Ya juya kai hagu. "Ke, ba mijinki ba ne? Riƙe masa kai mana!" Ya ɗaga kai sama ya dubi alƙali. "Ranka ya daɗe, ba ka ji ƙarar ba? Wannan ba a iya ƙirƙirarta. Ni na san..."

Sai ya tuna inda yake.

Kotu duka ta zuba masa ido. Abin wuyan ya juye, maɗaurinsa ya dawo ƙarƙashin haɓa. Sandar tana kwance nesa da shi, kusa da ƙafar mai gabatar da ƙara. Mai Wuya ya dubi sandar, ya dubi ƙafar da ke hannunsa. Da ya saki ƙafar ya koma nishi, wataƙila da wani ya tausaya masa. Bai saki ba.

"Ai ba a barin mutum haka," ya ce a hankali.

Alƙali ya yi rubutu na ɗan lokaci. Ya sallami tsohon direban, ya ce babu laifi a kansa, lasisinsa nasa ne. Ya ce mai ƙorafi zai tsaya ya amsa wasu tambayoyi, amma ba yanzu ba, sai motar asibiti ta zo, don ya ga ya fi kowa iya riƙon ƙafar.

Bayan mako uku kamfani ya ba tsohon takardarsa ta yabo. Aka taru a falonsa da hantsi don a rataye ta. Tara yana kan doguwar kujera, filasta tun daga cinya har idon sawu, sandunan asibiti biyu a jingine a gefensa. Matarsa ta hau kan kujerar katako da guduma, ƙusa a bakinta. Wurin da tsohon ya zaɓa shi ne daidai gefen hoton.

"Baba," in ji Tara, "da an cire wancan an sa wannan a wurinsa."

"Don me?"

"Ka ji abin da na faɗa a kotu."

Tsohon ya zo ya zauna kusa da shi, ya dafa masa kafaɗa. Idanunsa sun kawo ruwa.

"Na ji, ɗana. A lokacin raina ya ɓaci, amma da na dawo gida na yi tunani sai na gane. Ka ɓata sunanka a gaban jama'a, ka yi wa kanka ƙarya, don ka cece ni. Na san aikin lauya haka yake. Ba kowane suruki ne zai yi wannan ba."

"Baba, ba ƙarya..."

"Ya wuce. Ba sai ka ce komai ba." Ya waiga ya tabbatar 'yarsa ta ba su baya, sannan ya rage murya, ya ƙwanƙwasa filastar da ɗan yatsa. "Sai dai wannan. An gama shari'a, mun ci. Ka cire ta haka nan, kada mutane su fara magana. Kuma in gaya maka gaskiya tsakanina da kai, faɗuwar nan ta kotu ba ta yi kyau ba. Ko birgima ɗaya ba ka yi ba. Ni tun daga inda nake na san wasa ne."

Ya nuna bango da haɓa.

"Ka ga yadda mai ciwon gaske yake faɗuwa."

Tara ya dubi saurayin da ke cikin iska, ƙafafu sama, baki buɗe, ido ɗaya a karkace yana neman mai usur. Gwiwarsa tana zogi a cikin filasta. Matarsa ta buga ƙusa, ta rataye takardar, ta ja kai baya tana dubawa. Kafaɗunta suna rawa saboda dariyar da take dannewa, amma ba ta juyo ba.

"Ta daidaita da hoton?" in ji tsohon.

"Ta daidaita, Baba," in ji Lamba Tara.